Ƙasar da Zuwaira Ta Cinye

SHAFI NA 23

Masu turo mini saƙo kuna zagin Zuwaira, na gani, kuma ban hana ku ba. Amma wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, don Allah ta ɗan rage murya. To mu je.

*

Tun da motar ta baro tashar Tsafe, Zuwaira ba ta ce uffan ba.

Jiya ta cika arba'in, wankan jego ya ƙare, yau ga ta za ta koma ɗakin mijinta a Gusau. Jariri a cinya, kakarta Inna Tambaya a gefe, bayan mota cike da garin kunu da yaji da daddawa. Kowace mai jego da murna take komawa. Ita kuwa ji take kamar kotu za a kai ta.

"Ke, wai ɗinke miki baki anka yi?" in ji Inna Tambaya. "Gidan miji za ki, ba kabari ba."

"Kaina ke ciwo, Inna."

"Kanki lafiya lau yake. Ni na raine ki, yarinya."

Zuwaira ta juya fuska wajen taga. Dawa ce ko'ina a gefen titi, ta fid da kai ta fara sunkuyawa, saura 'yan makonni a shiga girbi. Tana gani ta tuna gonar Kawu Yari, kawun mijinta.

Bari in tuna wa wanda ya manta. Bashar mijin Zuwaira karatun ƙasa da duwatsu ya yi. Shekara biyu ke nan, tun da aka ba Zamfara jiha, ba shi da zance sai na yumɓu. Masu haƙar rijiyar mai a kudu, in suna haƙa, wani kunun laka suke damawa su riƙa ɗurawa a ramin. Shi ke sanyaya bakin ƙarfen, ya kwaso tsakuwa ya fito da ita, ya shafe bangon ramin kada ya rufta. Yumɓun da ake dama kunun kuwa daga ƙasar waje ake sayo shi. Bashar ya rantse akwai irinsa a nan, gyara kawai yake so. Ya bi ramuka goma sha biyu daga Mada har Bunguɗu, ya ɗebo, ya sa wa kowane ƙaramin buhu lamba, ya jera su a ɗakin baƙi.

Sha ɗaya suka faɗi gwaji. Na tara kaɗai ya ci, wanda aka rubuta wa "Furfuri, gonar Kawu Yari."

Kuma duk duniya Zuwaira kaɗai ta san cewa abin da ke cikin buhu na tara bai taɓa ganin Furfuri ba.

*

A ƙofar gida suka iske Bashar yana jiran su.

Zuwaira ta dube shi. Wata uku kacal da tafiyarta, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa.

"Kai, angona!" Inna Tambaya ta tafa hannu. "Haka ka koma? Ashe in ba mata, kara kake zama?"

"Inna, ai laifinki ne, kin ƙi tarewa."

"Ni in tare ina? Gidan da maigida ke dama kunun ƙasa? Allah ya sawwaƙe mini."

Ya yi dariya, ya karɓi jaririn. "Muslim, ka ga kakar taka ko? Sannu da hanya, Zuwaira."

"Yawwa, Yaya."

Ba ta iya haɗa ido da shi ba.

Sai da aka shigar da kaya, aka sha ruwa, aka yi azahar, suna zaune a inuwar tsakar gida, sannan ya gyara zama. Fuskarsa sai sheƙi take.

"Zuwaira, albishirinki."

"Goro," ta ce, murya can ƙasa.

"Katafila ta iso Gusau. Jibi Alhamis za ta shiga gonar Kawu."

Kofin da ke hannunta ya karkace, ruwa ya zubo mata a zane.

"Jibi?"

"Jibi."

"Dawar fa, Yaya?"

Fara'arsa ta ragu. Ya shafa ƙeya.

"Na roƙi mutanen kamfanin da zai haƙa ramin su jira girbi. Wallahi har sau uku na roƙa. Sun ce injin na aro ne, sati ɗaya za su yi da shi. In ba a buɗe ramin a satin nan ba, za su tattara su koma Fatakwal, akwai wata jiha da ke kiran su."

"Kuma Kawu ya yarda?"

"Kin san shi. Cewa ya yi, gona tasa ce, ni ma nasa ne."

Inna Tambaya ta girgiza kai. "Yari ke nan. Da dawar gonar nan ya raine ka kana maraya, yanzu kuma ya ba ka gonar ɗungum. Allah ya saka mashi."

"Amin, Inna."

Zuwaira ba ta iya cewa amin ba. Gonar nan kaɗai Kawu Yari ya mallaka, ita ce tuwon gidansa na shekara, kuma a kan ƙaryarta za a murƙushe ta.

"To wai dole sai an haƙa?" ta ce. "Ba ga shi kun gwada ya ci ba?"

"Sau ɗaya ya ci, Zuwaira. Sau ɗaya tak." Ya ɗaga yatsa. "Tun daga nan sau talatin da ɗaya ina komawa gonar ina ɗebowa. Na ƙara soda, na rage soda. Na jiƙa kwana ɗaya, na jiƙa kwana biyar. In na zuba a mazurari sai ya tsiyaye shar kamar ruwan wanki. Ba ya kauri, ba ya kumbura."

"To ka gani..."

"Na gane dalili ai. Na farkon a gindin wani rami na ɗebo shi, damina ta zo ta cike ramin. Jijiyar mai kyau tana can ƙasa. Sai an yaye saman gonar kafin a kai gare ta."

Yanzu ne lokacin. Ta buɗe baki.

"Yaya, in aka haƙa... ba a samu ba fa?"

"Za a samu. Ƙasa ba ta ƙarya."

Sai ta rufe bakin.

Ni kuwa na ce, Zuwaira, wannan karo na nawa ke nan?

*

Inna Tambaya ce ta ja zancen.

"Wai ni ina ƙasar da anka ɗaga ma hankali haka? Nuna mani in gani. Ni ma fa sana'ata ce."

"Au, na manta ke ma ma'aikaciyarmu ce." Bashar ya miƙe yana dariya.

"Inna, ki bar shi ya huta mana," Zuwaira ta faɗa da sauri.

"Ke kuma mi naki a ciki?"

Ya shiga ɗakin baƙi ya fito da tire. Kofunan gilashi biyu ne a kai, da wani gwangwanin madara.

"Kin ga wannan?" Ya ɗaga na farko. "Wanda na ɗebo makon jiya ne. Ƙasa ta kwanta, ruwa ya hau sama, kowa ya kama gabansa. In aka ɗura wannan a rijiyar mai, tsakuwa za ta koma ta danne ƙarfen."

Ya ɗaga na biyu, ya karkata shi. Abin ciki ya motsa a hankali, da kauri, kamar koko ya kwana.

"Wannan kuwa na buhu na tara ne. Kwana huɗu da damawa, bai saki ruwa ba. Soda kaɗan na sa. A Fatakwal sun ce saura ƙiris ya kamo na waje."

"Ikon Allah. Cikin gwangwanin fa?"

"Ragowar ke nan. Ɗan gutsure uku. Ko barci nake na san inda yake."

Ya buɗe murfin da kaffa-kaffa. Inna Tambaya ba ta jira izini ba, ta sa yatsu biyu ta ɗauko ɗaya.

Zuwaira ta ƙanƙame jaririn.

Tsohuwa ta juya gutsuren. Ta kai hanci. Ta ɗan ja baya, ta sake kaiwa. Sannan ta ɗora shi a kan harshe.

"Inna, kada ki cinye mini arziki!"

Ba ta yi dariya ba.

"Angona, ina ka ce ka samo wagga?"

"Furfuri."

"A'a."

"Furfuri mana, Inna. Da hannuna na ɗebo."

"Na ce a'a. Wagga ƙasata ce."

Bashar ya kwashe da dariya. "To, ga mai ƙasa ta zo. Sai mu biya haraji."

"Ba wasa nake ba. Farar ƙasata ce, ta ramin bayan dutse a Tsafe. Ɗanɗana ka ji kanwa. Kwana bakwai nake jiƙa ta cikin ruwan kanwa, in tace da tsumma, in cura, in shanya, in turara da ƙaiƙayi. Shaƙa ka ji hayaƙi."

"Inna, ƙasa kan yi kama da ƙasa."

"To wanga fa?" Ta miƙa masa gutsuren ta nuna wani ɗan loɓawa a gefe. "Shatin babban yatsana ne. Kowane curi sai na danna shi haka kafin ya bushe. Shekara arba'in ina sayar ma masu ciki a kasuwar Tsafe, in kasa gane aikin hannuna?"

Ya karɓa. Ya kai shi wajen haske. Ya daɗe yana kallo.

Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"To ta yaya ƙasarki za ta shiga buhuna?"

"Oho. Ni dai Gusau sau ɗaya na taɓa aiko da ita, da bazara, lokacin da wagga ta aiko direba ya ce mani..."

Ta tsaya.

Ta juyo a hankali ta dubi jikarta.

"Ke!"



"Ba ni yaron," in ji Inna Tambaya. Ta karɓe shi, ta shige ɗaki, ta saki labule.

*

Zuwaira ta zame daga kan tabarma ta durƙusa.

"Tashi ki zauna," ya ce.

"Yaya..."

"Ki zauna, ki faɗa mini ina ƙasar da na ɗebo a Furfuri."

"Na cinye."

"Kin me?"

"Na cinye ta."

Ya kalle ta kamar da wani yare ta yi magana.

"Buhun duka?"

Ta gyaɗa kai. Hawaye suka ɓalle.

"Lokacin da ka tafi Fatakwal, sati ukun nan. Cikin Muslim yana wata uku. Na shiga share ɗakin, na yayyafa ruwa, ya taɓa buhunan. Ƙamshin nan ya tashi, irin na ruwan farko. Wallahi Yaya jikina har rawa yake. Na ce ɗan ƙiris zan gutsura."

"Buhu na tara."

"Duk na ɗanɗana. Shi ya fi daɗi."

Ya rufe ido.

"Kullum sai in ce yau ne na ƙarshe. In kulle ɗakin, in jefa makullin saman kabad, in hau kujera in ɗauko. Ranar da na farga, gindin buhu nake karkaɗewa."

"Me ya sa ba ki faɗa mini da na dawo ba?"

"Alkawarin."

"Wane alkawari?"

"Da cikin farko ya zube, ba ka tuna ba? Nas ta ce jinina ya yi ƙasa, ta ce farar ƙasa ce. Ka riƙe hannuna a gadon asibiti ka ce in yi maka alkawari ba zan ƙara ba. Na yi. Na ce in ka ji, za ka ce da gangan nake son kashe wannan ma."

"Sai kika aika Tsafe."

"Na ɗauka ƙasa duk ƙasa ce."

"Ta Inna baƙa ce a waje, hayaƙi ya kama ta. Wannan fara ce."

Ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji.

"Na kankare da wuƙa."

"Kin kankare."

"Na farfasa ta, na zuba, na ɗaure da igiyar, irin ƙullin da kake yi."

"Wato kin zauna. Kin ɗauko wuƙa. Curi bayan curi." Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan, kuma da ihu ya yi da ya fi mata sauƙi. "Kwana nawa kika yi kina kankarewa?"

"Biyu."

"Biyu."

Ya miƙe, ya je bakin rijiya, ya dawo.

"Ranar da takardar Fatakwal ta zo, kina nan. Na yi sujada a nan, a gabanki."

"Ina nan."

"Kika dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta."

"Na ce ƙila Allah ne ya rufa mini asiri. Na ce ƙila ta Furfurin ma da haka za ta yi."

"Da na koma na farko bai yi ba fa? Na biyu? Na goma?"



"Ranar da babur ya kayar da ni a hanyar Bunguɗu cikin ruwan sama, na dawo da buhu a baya, ƙafa a kumbure. Wa ya gasa mini ita?"

"Ni ce."

"Kina gasawa ina ce miki, Zuwaira, anya ban haukace ba? Anya ba karatun ne ban iya ba? Kika ce me?"

Ta fashe da kuka sosai.

"Kika ce me?"

"Na ce... ka ƙara haƙuri."

"In ƙara haƙuri."

"Wallahi sau nawa na zo bakin ƙofar ɗakin nan in faɗa, ƙafata ta ƙi shiga. Na ce bari in haihu lafiya tukuna. Na haihu, na ce bari a yi suna. Aka yi suna, na ce bari in yi arba'in. Ko ruwan wanka aka watsa mini, zafinsa bai kai abin da ke cina a ciki ba. Ban taɓa zaton abin zai kai ga gonar Kawu ba."

"Kin ji zancen gonar tun kafin ki tafi Tsafe."

Gaskiya ne. Ta ji.

"Wata bakwai, Zuwaira. Da ranar kika faɗa, faɗan yini ɗaya ne. In hau babur in koma in ɗebo wata. Shi ke nan fa."

Ya zauna daɓas a kan turmi. Ya dafe kai da hannu biyu.

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni ma ai ga nawa. Sau talatin da ɗaya ƙasa tana gaya mini ba ita ba ce, na ƙi ji. Na sa hannu a takarda cewa ni na ɗebo. Na je na durƙusa gaban tsohon da ya raine ni, na ce ya ba ni abincin 'ya'yansa."

"Kada ka ɗora wa kanka, Yaya. Ni ce."

"Ke kika ci ƙasar. Ni na roƙi gonar."

*

Labule ya motsa. Inna Tambaya ta leƙo, jariri a kafaɗa, idanunta sun yi ja.

"Ni ma da hannuna a ciki, tunda ni na aiko. Na san an hana ta, na ce ɗan kwaɗayin ciki ne, kowa ya yi." Ta share hanci da gefen mayafi. "To yanzu zama za ku yi kuna rabon laifi kamar naman suna? Yau wace rana?"

Bashar ya ɗago.

"Talata."

"Ƙarfen nan yaushe zai shiga?"

"Alhamis."

"To?"

Ya miƙe zumbur.

"Ina makullin babur?"

Zuwaira ta rarrafa ta ɗauko masa a kan taga.

"Furfuri za ni," ya ce. "In gaya wa Kawu kada ya bari kowa ya taɓa masa gona. Daga can in wuce masaukin mutanen kamfani."

"Me za ka ce musu?"

"Abin da ya faru."

"Za su yi maka dariya, Yaya. Za su ce..."

"Za su ce ga wanda matarsa ta cinye masa bincike. Har Fatakwal za a ji. Na sani."

"Ka kai su Tsafe mana," in ji Inna Tambaya. "Ramin na nan, kanwa na nan, ni ina nan. In nuna masu yadda ake yi."

"In sun ƙara yarda da bakina, Inna. Wanda ya kai mutane gonar da ba komai, da wuya su bi shi rami na biyu." Ya zura takalmi. "Wannan na baya ne. Suna ya tafi, aiki ma ƙila ya tafi. Amma dawar Kawu ba za ta tafi ba."

Wani abu ya ɗan saki a ƙirjin Zuwaira, karo na farko cikin wata bakwai. Saura kwana biyu. Ko sakin ta zai yi, ko Gusau duka za ta yi da ita, dawar dai za ta kai girbi.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. "Alhamdu lillahi da ba a makara ba."

Ya kama hannun babur ya juya shi wajen zaure.

"Salamu alaikum! Masu gida na ciki?"

Su ukun suka daskare.

Muryar Kawu Yari ce.

*

Ya shigo a hankali, dogon tsoho, hula ta sha rana, rigar duk ƙaiƙayi. A kafaɗarsa akwai ɗan dami ɗaure da igiyar rama.

"Amin alaikumus salam, Kawu." Bashar ya jingine babur ya durƙusa. "Yanzu nake shirin zuwa wajenka."

"To na hutar da kai. An ce mani amaryar ƙarni da jariri sun dawo yau, na ce sai na zo na ga jikana. A'a, Tambaya, ke ce da kanki? Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Yari," ta ce, ba ta dube shi ba.

Zuwaira ta ja mayafi ta rufe fuska. "Sannu da zuwa, Kawu. Ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Barka da arziki. Allah ya raya."

Ya sauke damin a gabanta. Sai a lokacin ta ga hannuwansa. An naɗe tafin da tsumma, tsumman ya yi jirwayen jini.

Ta dubi damin.

Kan dawa ne. Kore shar. Ƙwayar ba ta ƙosa ba, in ka matsa ruwa ne fari zai fito.

"Ba ta kai a ci ba," in ji Kawu Yari, yana ɗan murmushi kamar mai ba da haƙuri. "Amma na ce kada in zo hannu sake. Ko tantabaru a watsa ma."

"Kawu," Bashar ya ce. "Wannan daga ina?"

"Daga gona mana."

"Ka ɗan karyo ne?"

Tsoho ya nemi wuri ya zauna a bakin tabarma, ya miƙe ƙafa yana nishi.

"Ɗana, na kwana biyu ina tunani. Na ce ni dai ba ni iya tsayawa in ga ƙarfe ya bi ta kan hatsi yana takawa. Abinci ne. Tun kakanninmu ba mu taka abinci. In dai faɗuwa za ta yi, gara ta faɗi a hannun wanda ya shuka ta."

"Kawu..."

"Shekaranjiya munka fara, ni da iyali. Maƙwabta sunka ce na haukace, na ce ku bari, yaron nan ya san abin da yake yi, takarda gare shi tun daga Fatakwal. Da hantsin yau munka gama."

"Duka?"

"Duka. Ko kara ɗaya ban bari ba. Dabbobi sun samu na ci." Ya yi 'yar dariya. "Filinka na nan fes, kamar an share. Ka gaya masu ko gobe su shigo."

Makullin babur ya faɗi daga hannun Bashar.

Inna Tambaya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta jingina da bango.

Zuwaira kuwa kukan da take dannewa ya ƙwace, mai sauti, har jaririn ya farka ya kama nasa.

Kawu Yari ya dubi wannan, ya dubi wancan. Murmushinsa ya fara janyewa.

"Lafiya? Mi ya faru? Rasuwa anka yi?"



"Bashar, da kai nake."

Bashar ya matso a kan gwiwoyinsa har gaban tsohon. Bai waiwayi matarsa ba ko sau ɗaya.

"Kawu, babu komai a ƙarƙashin gonarka."

"Kamar yaya babu komai?"

"Ƙasar da ta ci gwajin ba ta Furfuri ba ce. Kuskure aka yi. Ni na yi shi. Ni na haɗa buhunan, ni na rikita lambar, ni..."

"Ba shi ba ne, Kawu."

Zuwaira ta yaye mayafin daga fuskarta.

"Zuwaira, yi shiru!"

"Wallahi ba shi ba ne."

Tsohon ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta. Ya ɗora hannuwan nan masu tsumma a kan gwiwa.

"To wa, ɗiyata?"